Jan Zare a Fayil Biyu

Ranar da Keziah ta fara ganin Sila, zaune take a ƙasa, ƙafafu a miƙe, tsofaffin fayil-fayil sun kewaye ta kamar damman dawa a masussuka. Fanka ba ta juyawa, bayanta na ciwo, yatsunta sun yi baƙi da dattin takarda.

Ya leƙo ta taga ya gaishe ta, ya ce an turo shi ne ya nemi fayil ɗinsa, wai ba a gan shi a inda yake zama ba. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce ya faɗi lamba, don a ɗakin nan ba a kiran suna. Ya faɗa. Ta nuna masa wani kwali a can saman kabad, ta ce in sauri yake yi ya sauko da shi da kansa.

Ya shigo, dogo ne siriri, da farin alli a hannun rigarsa. Ya sauko da kwalin ya dire a gabanta. Sai ya jingina da bango yana mayar da numfashi, kamar wanda ya hawo dutse da kaya.

“Kwali ɗaya?” in ji ta. “Da buhun dawa ne fa?”

“Da sai ki ɗauke mu tare, ni da buhun, Madam.”

Ta dube shi a karon farko. Ba ta so yin murmushi ba, amma ya suɓuce mata.

Keziah ma’aikaciya ce a ɗakin adana bayanai na wani asibiti a Zuru, a sashen da masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki suke karɓar magani. Ita ma da cutar aka haife ta. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, ta tashi a hannun babanta, Sajan Abel mai ritaya, wanda shi ma a sashen yake karɓar nasa maganin. Ta yi karatu har ta samu difloma, ta dawo ta kama aiki a wurin da ta girma tana bin layi. Ba ta yawo da labarinta a baki, amma ba ta taɓa sunkuyar da kai saboda shi ba.

A wannan shekarar ne Sista Bernadette, shugabar sashen, ta ɗora mata wani aiki mai cin rai. Magani ya sa mutane suna daɗewa a duniya, in ji Sista, amma da yawansu ƙirjinsu yana ƙarewa a hankali ba wanda ya lura. Mutum zai zo da tari, a gwada kakinsa a ce ba tarin tibi ba ne, a ba shi ƙwayoyi ya tafi. Bayan ’yan watanni ya dawo, wani likitan daban ya sake yi masa haka. Kowa shafinsa kawai yake gani. Aikin Keziah shi ne ta bi kowane fayil daga farko har ƙarshe, ta nemo masu tarin da ke ta dawowa, da masu kukan sarƙewar numfashi, da waɗanda suka taɓa yin tibi, da masu shan taba ko zama cikin hayaƙin itace. Wanda alamun suka taru a kansa, sai ta ɗaura wa fayil ɗinsa jan zare, don asibitin ba shi da wata alama ta mannawa. Idan na’urar auna numfashi ta iso, su za a kira.

Wani rubutun likita ba ya karantuwa. Wani shafin gara ta cinye rabi. Wani ruwan damina ya haɗe shi ya zama kamar ƙosai. Haka take wuni, ta koma gida idanu jawur.

Sila malamin firamare ne a Manga. Bayan wannan rana sai ya riƙa samun dalilin bi ta gaban tagar, ko da ranar karɓar maganinsa ba ta zo ba. Wata rana ya kawo mata dafaffiyar gyaɗa, wata rana mangwaro. Ya daina ce mata Madam ya koma Kezi, ita kuma ta laƙaba masa Ticha. Ba su sha wahalar da wasu ke sha ta neman yadda za su faɗa wa juna gaskiya ba, tunda a ƙofar gaskiyar suka haɗu.

Ya kan turo mata saƙo lokacin tara ta makaranta:

“Kezi tawa, yau na tambayi ’yan ajina me ya fi zuma zaƙi. Wani ya ce rake, wata ta ce hutu. Na ba su duka sifili, amma ban faɗa musu amsar ba.”

Ita kuma ta mayar:

“Ticha, ka bar cin zalin ’ya’yan mutane. Ka ci abinci? Jiya na ji tarinka tun kana bakin get ɗin asibiti.”

“Alli ne kawai, Zuciyata. Tarin malamai ke nan.”

Kullum alli ne. In ba alli ba, sanyi ne.

Da maganar aure ta taso, manyan Sila suka je gaisuwa. Sajan Abel ya karɓe su da mutunci, ya kuma faɗi sharaɗinsa. A da, saurayi kan yi shekaru yana golmo, wato shi da abokansa su riƙa noma gonar iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Yanzu gidaje da yawa sun sassauta, amma shi a gidansa ko na damina ɗaya ne sai an yi. Yana so ya ga bayan mutumin da zai ba ’yarsa a sunkuye a kan kunya.

Da suka tafi, ya faɗa wa Keziah abin da ke ransa. Ba ƙin yaron yake yi ba. Amma ita mai shan magani, shi mai shan magani.

“Ranar da ɗayanku ya kwanta, wa zai ɗauki wani?”

Ta ce masa ita ba kaya ba ce da za a nema mata ɗan dako. Ya yi tari, ya juya mata baya, ya ce karatu ya sa bakinta ya yi tsawo.

Asabar ɗin farko ta noman fari, Sila ya zo da abokansa malamai da wasu matasan cocinsu. Sajan ya sa aka kai masa kujera gindin ɗorawa. Damina biyu ke nan bai riƙe fartanya ba, yana cewa tsufa ne, kuma wanda ya bauta wa ƙasa ya cancanci inuwa.

Aka fara da waƙa. Sila ya shiga gaba, kamar yadda mai neman aure ke yi. Kafin rana ta ɗaga sosai an wuce shi. Can sai aka ga ya durƙusa a tsakiyar kunya, hannu a ƙirji, bakinsa a buɗe yana neman iska. Abokansa suka janye shi zuwa inuwa. Keziah, da ta kawo musu kunu, ta tsaya da tulu a hannu ba ta iya ko motsi ba.

Sajan bai ɗaga murya ba. Ya ce a gaban kowa, ya ga raggo iri-iri a bariki, amma bai taɓa ganin wanda fartanya ta kayar tun ba a karya kumallo ba.

Kafin mako ya zagayo labarin ya cika unguwa. A daidai lokacin ne Philip ya zo hutu, ɗan abokin Sajan ne, soja, ƙirjinsa kamar ƙofar rumbu. Ya tara samari suka share sauran gonar a yini guda, ba wanda ya roƙe shi. Sajan ya riƙa yabonsa safe da yamma, har ya fara cewa ai maganar lafiyar Keziah a bari sai zancen aurenta da Philip ya kankama, a san yadda za a shigar da ita.

Keziah ba ta jira ba. Da Philip ya zo hira ta sa masa kujera a tsakar gida, ta faɗa masa komai da bakinta, tana dubansa ido cikin ido. Ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya ce ba komai ai. Ya sha ruwan da ta kawo masa don kada a ce ya ƙi. Hutunsa bai ƙare ba ya koma bariki.

Sajan ya kwana biyu bai yi mata magana ba. Ta san ba haushinta kaɗai yake ji ba.

A cikin wannan gajiyar ta iso kan fayil ɗin Sila. Ta san lambar tun ranar kwali. Ta daɗe tana riƙe da shi a rufe, sannan ta buɗe, don ba ta tsallake na kowa ba. Tibi yana yaro, an yi magani an warke. Daga nan tari, tari, tari, kusan kowace shekara, kowane da hannun likita daban, kowane da amsa iri ɗaya: ba tibi ba ne. Babu inda aka rubuta cewa numfashinsa na sarƙewa, don bai taɓa faɗa ba. Wata nas ce kaɗai ta taɓa rubutawa a gefen shafi cewa majinyacin ya huta kafin ya iya amsa tambaya.

Ta yanko jan zare ta ɗaura.

Bayan kwanaki ta iso kan wani fayil mai kauri, bangonsa ya sha ɗinki. Wannan lambar ta fi sanin ta fiye da tata. Shekaru na shan taba a aikin soja, tari na safe da ba ya ƙarewa, ƙwayoyi bisa ƙwayoyi. Ta tuna kujerar gindin ɗorawa, da yadda babanta ke tsayawa gaisawa da duk wanda ya gani a hanyar coci, har da waɗanda ba sa shiri. Ashe ba son gaisuwa ba ne.

Ta ɗaura masa nasa zaren. Ranar ba ta iya cin abincin rana ba.

Na’ura ta iso. Sista Bernadette ta sa aka fara kiran mutane ta waya, ana bin lamba. Da yamma saƙon Sila ya shigo:

“An kira ni daga asibiti wai in zo a auna numfashina. Na san wa ke ɗaura zare. Babanki ya ce ni raggo ne, ke kuma kin shiga takarduna kina neman shaida. Ashe ni aiki ne a wurinki. Na gode, Madam.”

Madam ɗin nan ta fi komai yi mata zafi. Ta fara rubuta amsa mai tsawo ta goge. Ba ta saba roƙo ba, kuma ba ta ga laifin da ta yi ba. Ta rubuta:

“Na buɗe naka kamar yadda na buɗe na kowa, kuma ko yau aka ba ni zan sake buɗewa. Da na tsallake shi, da na ci amanarka. Ban faɗa wa kowa abin da ke ciki ba, ba kuma zan faɗa ba. In ka zo, don kanka. In ba ka zo ba, ina sonka, amma ba zan auri mutumin da ya fi son a ce masa jarumi a kan ya yi numfashi ba.”

Bai amsa ba. Tagar ta zama taga kawai. Ta ci gaba da zama a ƙasa cikin takardu, tana ɗaura wa baƙi zare, tana duba waya tana ajiyewa. Sista Bernadette ta lura, amma abin da ta ce kawai shi ne ta tashi ta miƙe ƙafa kafin bayanta ya ƙage.

Da aka fitar da jerin ranakun gwaji, Keziah ta ga lambobin nan biyu sun faɗo rana ɗaya. Tana iya matsar da ɗaya, ba wanda zai tambaye ta. Ta daɗe tana duban takardar. Sai ta mayar da ita inda ta ɗauko. Tsarin ya ce a bi layi, ita kuma ta gaji da raba mutane biyun da take ƙauna kamar mai raba zakaru.

Sajan ya zo don Sista da kanta ta kira shi, shi kuma ba ya ƙin umarnin shugaba. Ya sa rigarsa mai guga ya zauna a benci, yana faɗa wa na kusa da shi cewa kuskure ne, ƙirjin soja ba ya ciwo. Yana cikin haka ƙofar ɗakin gwaji ta buɗe, Sila ya fito riƙe da takarda da ɗan maganin shaƙa.

Suka dubi juna. Sila ya rusuna ya gaishe shi. Kafin Sajan ya gama amsawa aka kira lambarsa.

Keziah tana jin komai ta bango. Ana ce wa babanta ya cika ƙirji ya hura da ƙarfi, ya ci gaba, ya ci gaba. Sai tari ya sarƙe shi. Aka sake, aka sake. Da ya fito, rigar mai guga ta jiƙe da zufa. Ya zauna a bencin yana haki. Sila bai tafi ba.

Tsohon ya riƙa jujjuya maganin shaƙar a hannu, ya kasa tuna yadda aka nuna masa. Sila ya matso, ya girgiza nasa, ya nuna masa yadda zai fitar da iska tukuna, ya danna, ya ja a hankali, ya riƙe. Ya yi masa sannu a hankali, kamar yadda yake koya wa ’yan aji ɗaya riƙon fensir.

Tsohon ya shaƙa kamar yadda Sila ya nuna masa. Sannan Sajan ya tambaye shi me aka ce masa. Sila ya ce tibin yarinta ne ya bar masa tabo a huhu. Ba ya warkewa, amma in ya riƙe magani, ya guji hayaƙi, ya riƙa zuwa ana dubawa, zai yi rayuwarsa.

“Tun yaushe kake jin sa?”

“Tun ina sakandare, Baba.”

“Ka san da haka ka shiga gaban layi a gonata?”

“Na sani. Ku kuka ce sai an yi.”

Sajan ya dubi ƙasa. Ya ce shi da ya ji nasa, kujera ya nema ya ce tsufa ne. Sannan ya ce noma na biyu ya yi, ciyawa ta fara cin dawar. In Ticha yana da sarari ranar Asabar, ya zo shi kaɗai, ba sai da abokai ba.

Bayan tsohon ya tafi, Sila ya zo bakin tagar. Ya tsaya kamar ranar farko. Keziah ba ta ɗaga kai ba, ta ce ya faɗi lamba.

“Kezi.”

“A ɗakin nan ba a kiran suna.”

Ya ce mata abin da ya kawo shi ba saƙonta ba ne kaɗai. Ranar Litinin yana karanta wa yara labari ya kasa kai ƙarshen jimla, yaran suka zuba masa ido suna jira. Ya ce ya yi mata rashin adalci, ta yafe masa. Ta ce za ta duba, akwai mutane da yawa a gabansa a layi. Amma hannunta ya riga ya fito ta tagar, ya kama.

Golmon da aka yi a gonar Sajan Abel a wannan damina ba a taɓa ganin irinsa ba. Mutum biyu ne, tsoho da saurayi, kowanne da abin shaƙa a aljihu. Su yi ’yan taku su tsaya, su dafa fartanya, su yi numfashi, su ci gaba. Masu wucewa suna dariya, wasu na cewa kafin su gama kunya ɗaya ta farkon ta sake yin ciyawa. Sajan ya ce a bar su su yi, baki ba ya noma. Abin da samari ke gamawa a yini ya ɗauke su makonni. Akwai Asabar ɗin da Sila bai iya komai ba sai zama. Amma bai taɓa fashin zuwa ba, ko ana ruwa.

Wata rana Keziah ta kawo musu kunu ta tarar da su a gindin ɗorawa, a ƙasa, kujerar ba kowa a kai. Babanta ya karɓi kofi ya ce mata, a gaban Sila, ya daɗe yana tunanin tambayar da ya yi mata, ta wa zai ɗauki wani.

“Ba wanda ya ɗauke ni a gonar nan,” in ji shi. “Amma duk inda na tsaya, yaron nan ya tsaya.”

Aka sa rana bayan girbi.

Ranar ɗaurin auren matan zumuntar coci suka cika hanya da waƙa da kiɗa. Cocin yana kan tudu, Keziah kuma ta ƙi shiga mota, ta ce da ƙafarta za ta hau, hannunta cikin na babanta. A tsakiyar hawan Sajan ya tsaya. Ba wanda zai gaisar a wurin, bai kuma nemi kowa ba. Ya ciro maganinsa a gaban jama’a ya shaƙa. Amarya ta tsaya, masu waƙa suka tsaya a bayanta suna maimaita baiti ɗaya har ya ce a tafi.

A bakin ƙofa Sila na jira, ya rame cikin kwat ɗinsa, yana murmushi. A aljihun gaban kwat ɗin, inda ango ke sa fure, ɗan jan zare ne a ɗaure. Sista Bernadette ta gani ta girgiza kai, ta ce kayan asibiti ne wannan, za ta cire a albashin amarya.

Fasto ya ɗaura aure, aka yi addu’a. Da aka ba Sajan Abel dama ya sa albarka, ya ɗora hannu ɗaya a kan ’yarsa, ɗaya a kan surukinsa. Maganar ba ta fito a jere ba, yana yi yana hutawa, kuma ba wanda ya gaggauta shi.

“Ubangiji ya ba ku tsawon rai da numfashin cinye shi. Ya sa albarka a gidanku da abin da za ku haifa. In ɗaya ya gaji, Allah ya ba ɗayan haƙurin jira.”

Coci ya amsa da amin. Keziah ta matse hannun mijinta, ta ji ƙirjinsa yana hawa yana sauka a kusa da kafaɗarta, a hankali, ba tare da sarƙewa ba. Ranar Litinin akwai sauran kwalaye suna jiranta a saman kabad. Amma yau Asabar ce, ta rufe ido ta ce nata amin.